Sharhina kan likitan dabbobin da ya duba min Akawal

Dokina ɗaya ne tak, akawal, wato baƙi, na saye shi a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, shi nake hawa in an fita hawan sallah a Gumel. Tun tsakiyar rani kashinsa ya daina fitowa dunƙule-dunƙule, sai ya zubo shi jagwab kamar na saniya, ruwa ya biyo baya ya ɓata masa wutsiya da ƙafafu. Amma dokin garau yake, yana cin harawarsa, yana haniniya in ya ji muryata, ko ramewa bai yi ba. Wannan ne ya ɗaure min kai.

Da farko wani mai sayar da magani ya haɗa ni da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Kwana uku muna yi, zawon sai ma ƙaruwa. Daga nan na nemi likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Sai da na jira shi kwana uku, kuma ni na zuba masa mai a babur. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma da ya shigo barga bai zaro sirinji ba. Ya auna zafin jiki, digiri 38 ya samu, ya ce daidai ne. Ya saurari zuciya, bugu 36 a minti ɗaya. Ya ɗaga leɓe ya duba dasashi da haƙora. Sannan ya tsare ni da tambaya: gero mudu nawa? Dusa fa? Kanwa sau nawa a mako? A ina ake zuba masa abinci?

Na ce a ƙasa, gindin turke, kamar yadda muka taso muka tarar.

Sai ya ce, "Alhaji, a samo min farar leda da ruwa." Ya ɗebi kashin ta sama, inda bai taɓa ƙasa ba, ya dama a ledar, ya rataye ta jikin darni. Kafin mu gama shan fura rairayi ya kwanta a ƙasan ledar, na murza da yatsa ina jin ƙaras-ƙaras. Ashe garin tsintar ƙwayar gero yake haɗiyar yashi, kuma kowa ya san irin ƙasarmu ta Jigawa. Yashin ne ke gurzar hanji. Ya ƙara da cewa irin allurar da muka yi tana kashe har ƙwayoyin da ke narka ciyawa a cikin doki.

Abin da ya sa mu yi ba tsada. A riƙa zuba abinci a komi, a ƙara harawa da busasshiyar ciyawa, a rage gero da dusa sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, a sassauta kanwa. Ya auna ƙirjin dokin da awo don ƙiyasta nauyinsa, ya ɗura masa ivermectin ta baki saboda tsutsar ciki. Ya ja min kunne: in ya ƙi cin abinci, ko ya fara birgima yana waiwayen cikinsa, ko na ga jini, in kira shi ko tsakar dare ne.

Inda ya gaza, bai tafi da kashin an duba ƙwan tsutsa ba, kuma bai rubuta min komai ba, sai ɗana ne ya rubuta a littafinsa na makaranta.

Mako biyu da 'yan kwanaki kashin ya koma dunƙulewa. Na sake gwajin ledar da kaina ranar Juma'a, yashin da ya kwanta bai kai rabin na farko ba. Maƙwabcina mai goɗiya ya riga ya karɓi lambarsa a wurina.