Keken da na saya a Sabon Gari, bayan wata takwas

Ni malamin firamare ne a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano, gidana a Sharaɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin adaidaita sahu yake cinye albashina, sai na je wani shagon kekuna a Sabon Gari na sayi na hannu.

Mai shagon, wani dattijo, bai yi mini gaggawa ba. Da hannunsa ya murza feda, ya nuna mini inda sarƙa ta ci, ya ce: "Malam, bari a canja maka kafin ka fita da shi." Ya ɗaure birki, ya sa ƙararrawa, bai ƙara ko sisi ba. Sirdin ne kawai ya wahalar da ni, tauri gare shi kamar katako, sai da na canja.

Abin da ya fi damuna hayaƙi ne. Da safe a shataletalen Ɗangi, in ka tsaya bayan adaidaita, baƙin hayaƙin salansa yana shiga har maƙogwaro, ga ƙurar hunturu. Yaranmu ma shi suke shaƙa a ƙofar makaranta lokacin tashi, iyaye sun bar injin a kunne suna jira.

Na roƙi hedimasta ya yi mana rumfar ajiye kekuna a ƙarƙashin darbejiya, ya amince. Yanzu mu malamai huɗu ne muke zuwa a keke. Faci sau biyu kawai na yi.