Gwajin Ƙasa Kafin Gini a Tsohon Gareji: Abin da Na Gani a Garwa

Da iyalinmu suka yanke shawarar gina gidaje a wani fili da ya daɗe yana gareji a Garwa ta ƙasar Kamaru, sai muka ɗauki wani kamfanin binciken muhalli ya duba ƙasar. Ma'aikatansa sun fara da tambayar dattawan unguwa inda ake zubar da baƙin mai da inda ake fasa tsofaffin batura, sannan suka haƙa ramuka suka ɗebi ƙasa domin gwaji. Manhajar da suke aiki da ita tana haɗa sakamakon da irin ginin da ake nufi, ta fitar da taswira mai launuka, domin wurin da ya isa shago ba lallai ya dace da tsakar gidan da yara ke rarrafe ba, tunda irin waɗannan batura na ɗauke da dalma, ita kuwa dalma tana illata ƙwaƙwalwar yaro, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010. Wannan ya gamsar da ni ƙwarai.

Sai dai ba su auna ruwan rijiyar maƙwabta ba, alhali filin yana gangarawa wajen kogin Binuwai. Rahoton kuma da Faransanci kaɗai ya zo, har sai da muka nemo wanda ya fassara wa mahaifinmu.