Limamin Kirista a masana'anta: sharhi a kan hidimar da ake yi wa 'yan ƙwadago

Hidimar da nake son yin sharhi a kanta ita ce wadda fasto ko fada yake shiga masana'anta domin ya kula da damuwar ma'aikata a bakin aikinsu, maimakon ya jira su a majami'a ran Lahadi. Na ga yadda take gudana a masana'antar da nake aiki, inda kusan kowannenmu ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, kuma a ganina hidima ce mai amfani ƙwarai, sai dai amfaninta ya rataya ne kacokam a kan wanda yake biyan limamin da kuma wanda limamin yake kai wa rahoto.

Ba wa'azi ake yi ba, ba kuma taron sujada ba. Limamin yakan sa hular kwano da takalmin aiki kamar kowa, ya zaga tsakanin injuna yana gaisawa da mutane da ishara, domin ƙarar inji ba ta barin a ji magana, sannan ya zauna a ɗakin hutu lokacin da aka saki wani rukuni ya sha iska. Wanda yake da magana yakan matso ya ce, "Fasto, in da hali zan gan ka bayan tashi," wanda ba shi da ita kuma ba a tsare shi. Wannan salo yana da tarihi. A shekarar 1944 Bishop Leslie Hunter na cocin Angilikan ya tura Ted Wickham cikin masana'antun ƙarafa na Sheffield a Ingila, inda yakan tattauna da ma'aikata a lokacin hutun cin abinci, kuma ƙa'idar da irin wannan aiki ya ginu a kanta ita ce limami ya shiga da yardar masu kamfani da ta ƙungiya baki ɗaya.

Inda hidimar ta fi burge ni shi ne lokacin hatsari da rashi. Lokacin da inji ya kama hannun wani abokin aikinmu a aikin dare, wakilin ƙungiya ya duƙufa kan rahoton hatsari da batun diyya, ofishin kula da ma'aikata yana ta cike takardu, limamin kuwa shi ne ya tafi gidan mutumin ya sanar da matarsa cikin lalama, ya kai ta asibiti, ya zauna da ita har aka fito daga ɗakin tiyata. Bayan kwanaki ya dawo ya nemi yaron da yake kusa da injin a daren, wanda barci ya ƙaurace wa kuma babu wanda ya lura da shi. Babu wata yarjejeniyar aiki da ta tanadi wannan, kuma ƙungiya, duk ƙarfinta, ba ta da mutumin da aka horar domin shi. Haka ma batun bashi, da rikicin aure, da shaye-shaye, waɗanda ma'aikaci yake tsoron kai wa shugabansa don kada su zama dalilin sallama.

Amma ainihin tambayar ita ce, wa ya ɗauki limamin? Akwai wanda ikilisiya take turowa tana biyansa, kamar yadda aka yi a Sheffield. Akwai wanda kamfani yake ɗauka, ko kai tsaye kamar yadda Tyson Foods yake yi a Amurka tun shekarar 2000, ko ta hanyar kwangila da cibiya irin Marketplace Chaplains, wadda Gil Stricklin ya kafa a Dallas a 1984. Akwai kuma wanda ya fito daga cikin ma'aikatan kansu, kamar tsarin limamai na ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta Amurka, wato UAW, inda ɗan ƙungiya yake yi wa 'yan'uwansa hidima. Namu limamin kamfani ne yake biyan kuɗin zuwansa, kuma ko da yake ban taɓa jin ya fallasa sirrin kowa ba, da yawa daga cikinmu sukan tauna magana kafin su furta a gabansa, domin kowa ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Babu wata takarda da aka nuna mana wadda ta fayyace abin da zai riƙe a matsayin amana da abin da doka za ta tilasta masa ya faɗa, misali idan wani ya yi barazanar halaka kansa ko cutar da wani. Wannan giɓi ne babba, kuma laifin tsarin ne fiye da na mutumin.

Rauni na biyu ya bayyana ne a lokacin taƙaddama. Da aka fara zancen rage ma'aikata, ƙungiya ta ba da wa'adin yajin aiki, sai limamin ya koma magana a kan haƙuri da zaman lafiya kawai, ya ƙi cewa uffan a kan ko an bi yarjejeniya wajen zaɓen waɗanda za a sallama. Na fahimci tsaka mai wuyar da yake ciki, domin idan ya karkata gefe guda ƙofar masana'anta za ta rufe masa, kuma tarihi ya nuna cewa shiga dumu-dumu ma yana da tsadarsa. Limaman Katolika da suka zama leburori a masana'antun Faransa daga 1943, wasunsu har suka riƙe muƙamai a ƙungiyar ƙwadago ta CGT, an umarce su a 1954 da su janye daga ƙungiyoyi su kuma bar cikakken aikin masana'anta, ba a sake buɗe wannan hanya ba sai 1965. Duk da haka, haƙurin da ake karanta wa ɓangare ɗaya kaɗai ya daina zama tsakatsaki. Limamin Kirista yana da madogara a cikin koyarwar addininsa, tunda Paparoma Leo na 13 ya amince da haƙƙin ma'aikata na kafa ƙungiya da samun albashin adalci tun 1891, Littafi Mai Tsarki kuma ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ba a nemi ya ɗauki kwali ya tsaya a bakin ƙofa ba. Abin da aka sa rai shi ne ya shiga ofishin manaja ya faɗi abin da ya gani a fuskokin mutane, kamar yadda yake shiga ɗakin hutu.

A wani fannin kuwa ya cancanci yabo ba tare da sharaɗi ba: bai taɓa mai da ziyararsa dabarar jawo mutane zuwa cocinsa ba. Musulmi da waɗanda ba sa bin wani addini sukan zauna da shi, kuma idan matsalar ta shafi addininsu yakan tura su wurin malamansu. Mata ma'aikata, a nasu ɓangaren, sun sha cewa da akwai mace a cikin hidimar da sun fi sakin jiki, masu aikin dare kuma ba safai suke ganinsa ba sai wani abu ya faru.

Duk reshen ƙungiyar da aka kawo wa tayin wannan hidima, shawarata ita ce ya karɓa, amma ya sa ta cikin yarjejeniya a rubuce: a zaɓi limamin da sa hannun ƙungiya, a bayyana iyakar riƙon sirri, a hana shi zama shaida a zaman ladabtarwa, a tabbatar yana zagaya kowane rukunin aiki har da na dare, kuma idan ƙungiya tana da hali ta ɗauki wani kaso na kuɗinsa.