Kiɗan falon Turawa ya dawo: wanne ya cancanci kuɗinka da datarka?

Duk wanda ya buɗe Spotify ko YouTube yana neman kiɗan da zai kwantar masa da hankali, piyano mai sanyi zai fara cin karo da shi, ɗaruruwa, kusan duk kamarsu ɗaya. Kasuwar nan tsohuwa ce. A ƙarni na 19, lokacin da piyano ya shiga gidajen masu hali a Paris da Vienna da Landan, an buƙaci gajerun kaɗe-kaɗe na minti uku zuwa biyar waɗanda 'yar gida za ta iya kaɗa wa baƙi a falo bayan cin abinci. Shi ne kiɗan falo. Masu ɗab'i sun yi arziki da shi. "Addu'ar Budurwa" ta Tekla Bądarzewska, wadda aka buga a Warsaw a 1856, ta zagaye Turai duk da masana kiɗa suna yi mata kallon raini. Daga falo ya koma manyan otal da jiragen ruwa, sannan rediyo da garmaho suka ture shi gefe. Yanzu ya dawo da fuskoki da yawa, kuma ba kowace ce za ta yi maka aikin da kake so ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka san me za ka yi da shi. Zama za ka yi ka saurara, ko aiki kake so ya taya ka, ko barci kake nema? Kiɗan da ya dace da na farko sau da yawa yakan ɓata na ukun.

Mu fara da na asali, domin shi ne ya fi araha kuma a ganina shi ya fi daɗewa bai gundure ka ba. A nan akwai kaɗe-kaɗen dare na John Field, ɗan ƙasar Ireland da ya fara wannan tsari, da na Chopin wanda ya kai shi ƙololuwa. Akwai Gymnopédies na Erik Satie na 1888, da Salut d'amour da Edward Elgar ya rubuta a wannan shekarar ya ba wadda zai aura, da gajerun kaɗe-kaɗen gogen Turawa na Fritz Kreisler, da na Cécile Chaminade. Marubutan sun daɗe da rasuwa, saboda haka makaɗa da dama sun naɗi kowane ɗaya, kuma kamfani irin Naxos, wanda aka kafa a 1987 don sayar da faifan kiɗan gargajiyar Turai da rahusa, yana da su jibgi. Amma a kula da abu guda: waɗannan mutane ba don barci suka rubuta ba. Kiɗan dare na Chopin mai lamba 48 na ɗaya yana farawa a hankali, amma kafin ka ankara ya rikiɗe ya zama tsawa. In ka ƙara murya don ka ji farkon, tsakiyar za ta firgita ka. Satie ne ba ya yin haka. Daga farko har ƙarshe tafiyarsa ɗaya ce.

Wanda piyano shi kaɗai ke sa masa kaɗaici, ya nemi ƙananan ƙungiyoyi masu mutum biyar zuwa goma, irin waɗanda ke kiɗa a otal a da. I Salonisti na birnin Bern a Suwizalan sun fi shahara, musamman tun da suka fito a matsayin makaɗan jirgi a fim ɗin Titanic na 1997. Piyano ɗaya, goge biyu, babban goge da wanda ya fi shi girma, shi ke nan. Kana jin kowane kaya daban, kana jin yadda suke sauraron juna. Wannan shi ne zaɓina ga mai son ya zauna da yamma da kofin shayi, ba tare da wani aiki a gabansa ba.

Sai André Rieu, wanda shi ne ya mayar da kiɗan falo harkar cika filin wasa. Ɗan birnin Maastricht ne a Holan, an haife shi a 1949. Ya kafa ƙaramar ƙungiyar kiɗan falo ta Maastricht a 1978, sannan ƙungiyar Johann Strauss a 1987 da mutum 12, wadda yanzu ta haura hamsin. Duk bazara yana wasa a dandalin Vrijthof na garinsu, jama'a na zuwa daga ƙasashe daban-daban. Ina ganin girman abin da ya yi: ya ɗauki kiɗan da aka tsare a zaurukan da ba a tari a cikinsu, ya bar tsofaffi su tashi su taka rawa. Sai dai kayansa na biki ne. Akwai tafi, akwai jawabi tsakanin kiɗa da kiɗa, akwai mawaƙa masu ɗaga murya, kuma rabin daɗin a ido yake, wato riguna da fitilu da fuskokin 'yan kallo. In gidanka na da talabijin da iyali masu son a zauna tare, ya dace. In karatu za ka yi, zai ɗauke maka hankali, bidiyonsa kuma yana lashe data.

Richard Clayderman na Faransa ba ya buƙatar dogon bayani. Tun Ballade pour Adeline a ƙarshen shekarun 1970 hanyarsa ba ta sauya ba: piyano a gaba, goge da ɗan ganga mai laushi a baya. Ba ya firgitarwa, ya dace da shago ko ɗakin jiran baƙi. Kundi ɗaya na zaɓaɓɓun kaɗe-kaɗensa ya wadatar, domin sauran maimaici ne.

Inda kasuwa ta fi ci a yau shi ne sabon piyano, kuma nan ne ake buƙatar a buɗe ido. Ludovico Einaudi, ɗan Turin da aka haifa a 1955, ya yi karatu a hannun Luciano Berio, ɗaya daga cikin masu rubuta kiɗa mafi wuyar sauraro a zamaninsa, sannan ya juya ya zaɓi sauƙi. 'Yan sautuka kaɗan yake ɗauka ya yi ta juya su suna girma sannu a hankali. Kundinsa I Giorni na 2001 ya samo asali ne daga tafiyarsa Mali, kuma a 2003 ya fitar da Diario Mali tare da makaɗin kora Ballaké Sissoko. Kunnen da ya saba da molo ko gurmi zai fi saurin shiga ta wannan ƙofa, shi ya sa nake ba da shawarar a fara da Diario Mali. Yiruma na Koriya ta Kudu ya fi zaƙi kuma ya fi saurin ƙosarwa. Nils Frahm na Jamus shi ne ya yaɗa wata dabara a kundinsa Felt na 2011: ya sa ƙyalle mai laushi tsakanin guduma da tsirkiyar piyano don kada ya dami maƙwabta da dare, ya matso da makirufo kusa, har ana jin motsin katako da numfashinsa. Sautin ba ya tashi sama ba ya faɗuwa ƙasa sosai, saboda haka ba ka taɓa maɓallin murya. Don aiki ko karatu, babu wanda ya kai wannan. Don barci kuwa akwai Sleep na Max Richter na 2015, mai tsawon sama da awa 8, wanda da gangan aka tsara shi domin hakan.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne jerin waƙoƙin da manhaja ke haɗa maka da kanta. Wasu sun taimaki makaɗa na gaske. Joep Beving na Holan ya fitar da kundinsa na farko da kansa a 2015, jerin Peaceful Piano na Spotify ya ɗauke shi, daga baya kamfanin Deutsche Grammophon ya sa hannu da shi. Amma a 2024 jaridar Dagens Nyheter ta Suwidin ta bayyana cewa mutum ɗaya, Johan Röhr, yana fitar da kiɗa da sunaye sama da 650 da ke cika irin waɗannan jeri. Ba laifi ya aikata ba, kuma kiɗan ba ya cutar da kunne. Matsalar ita ce an yi shi ne don kada ka lura da shi, kuma idan wani ya burge ka, babu mutumin da za ka bi ka ji sauran ayyukansa. Danna sunan mai kiɗan ka duba. In babu tarihi, babu wasan da ya taɓa yi a gaban jama'a, sai gajerun kaɗe-kaɗe barkatai, ka san inda ka shiga.

Batun kuɗi da kayan sauraro. Spotify ya shigo Najeriya da Gana a 2021, kuma wanda ke biyan kuɗin wata yana iya sauke kiɗa ya ji ba tare da intanet ba. A matsakaicin inganci awa ɗaya tana cin kusan megabayit 43, a matakin "Very High" kusan 144. Piyano shi kaɗai yana jure matsakaicin. Ƙungiya mai goge da yawa ita ke son na sama. Sigar kyauta kuma ba ta dace da wannan kiɗa ba ko kaɗan, domin talla mai ƙara za ta faɗo tsakiyar Satie. Sifikar waya tana yanke ƙananan sautukan hannun hagu, waɗanda su ne ginshiƙin kiɗan, don haka iyafis mai rufe kunne ko ƙaramar sifikar Bluetooth ta fi, balle in janareto na aiki a kusa.

Mai son farawa da kuɗin wata ɗaya ya sauke uku: Gymnopédies na Satie, Diario Mali, da kundi ɗaya na I Salonisti. In aiki ne ya fi yawa a ranarsa, ya musanya na ƙarshen da Felt.