Wata guda da kunna Lossless a Apple Music

Tun 2021 masu manhajar sauraron waƙoƙi ta Apple Music suka kawo zaɓin Lossless, wato sautin da ba a yanke masa komai ba, amma sai watan jiya na kunna shi a kan data. Ɗokin sabon abu ne ya ja ni, ban ko tsaya karanta gargaɗin da ke ƙarƙashin maɓallin ba.

Ashe sun faɗa ƙarara. Waƙar minti 3 tana cin kimanin megabait 6 a matsattsen sauti na AAC, 36 a Lossless, 145 kuwa a Hi-Res, wato matakin Lossless mafi inganci. Sai da datata ta ƙare tun wata bai raba ba na zauna na yi lissafi: awa ɗaya waƙoƙi 20 ke nan, megabait 720 maimakon 120. Ga shi in mota ta shiga inda sabis ya yi rauni, sai waƙa ta tsaya cak a tsakiyar amshi, abin da da wuya ya faru a da.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne duk tsawon lokacin da iyafis na Bulutut nake saurare. Bulutut ɗin sai ya sake matse sautin kafin ya kai kunne. Ina ta gyaɗa kai ina cewa yanzu na ji kiɗa, alhali ruwa nake ɗiba da kwando.

Ranar hutu na sa mai igiya, na rufe ƙofa, na miƙa wa ƙanwata wayar tana canja saitin ba tare da na gani ba. A wata waƙa mai jita zalla, kamar na ji karan yatsa a kan tsirkiya ya ɗan fi fitowa, amon ƙarshe ya ɗan daɗe kafin ya mutu. Kamar fa na ce. A sauran kuwa, kuskurena ya yi yawa har ta ce, "Yaya, canka kawai kake yi." Ban musa ba.

Inda manhajar ta burge ni shi ne ta raba saitin gida uku: na data daban, na Wi-Fi daban, na saukewa daban. Yanzu na mayar da na data kan AAC. Kundi biyu da nake ji da su na sauke su a Lossless da Wi-Fi, su nake kunnawa da daddare da mai igiyar. Hi-Res ban taɓa shi ba, don sai an haɗa wa wayar wata na'ura ta daban, ni kuwa ba ni da ita.