Ƙusa mai hula ko sukuru: wanne za a rufa kwano da shi?

Duk sanda damina ta matso, masu gini a Garwa da Marwa sai sun tambaye ni: Malam, ƙusa za mu saya ko sukuru mai roba?

Wajen kuɗi, ƙusa ta fi sauƙi, kuma guduma kawai kafinta yake buƙata. Sukuru kuwa sai da injin ɗaurawa, ga tsada.

Amma riƙo fa? Zafin watan Maris da Afrilu yana buɗa kwano da rana, ya tsuke da dare. Wannan motsi yana sassauta ƙusa a hankali har hularta ta ɗago, guguwar farkon damina ta samu wurin shiga. Sukuru yana da zare da ke cizon katako, shi ya sa ya fi jurewa, ga kuma zoben roba a ƙarƙashin kansa da ke hana ruwa shiga. Sai dai yana son hannu mai natsuwa: in aka matse shi da yawa robar ta fashe, in bai zauna ba ruwa ya bi ta ƙasanta. Roba marar kyau ma rana na cinye ta.

A kwano mai igiya, wato mai tudu da kwari, a tudu ake bugawa, domin kwarin hanyar ruwa ce. Kwanon alminiyam kuma, a guji ƙusa ko sukurun ƙarfe marar rufin zinki, domin yana cin bakin hudar.

Mai rufin shago ko rumfa a kan katako, kuɗi kaɗan a hannu, ƙusa mai kyau ta ishe shi, ya riƙa dubawa kafin damina. Mai gidan zama a fili mai iska, ko wanda ya ɗora kwano a kan ƙarfe, sukuru ya fi dacewa da shi.