Na biya kuɗin shekara saboda ruwa, sun rufe ruwan

Wannan sharhin na nadin nan ne, wato wurin motsa jiki mai wurin ninkaya, na arewacin Jidda, wanda da yawa daga cikinmu muka koma tun bayan rusau ɗin 2022 da ya watsa mutanen Karantina da Gulel da Sabil zuwa unguwanni daban-daban. Ba zan kama suna ba. 'Yan rukuninmu na gudun asuba sun san wurin da nake nufi, sun san kuɗin ishtirakin shekara, wato kuɗin zama mamba, sun kuma san harajin kashi 15 da ake ɗorawa a kai. Mutane sun yi ta tambayata ko su shiga, musamman sa'o'ina da suka haura arba'in da biyar, waɗanda gwiwa ko diddige ya fara yi musu magana. Da a watannin farko aka tambaye ni, da cewa zan yi ku tafi yau ku biya. Yanzu amsar ta fi haka tsawo.

Shekaruna 49, kuma gudu ya shiga jinina tun da na fara bin Kornish, titin bakin teku, bayan sallar asuba don rage tumbi da sukari. Burina shi ne rabin zango na gudun famfalakin Riyad, kilomita 21.1. Gasar nan da aka fara a watan Maris na 2022, tun daga nan kuma take faɗowa cikin sanyin farkon shekara, tana da cikakken zango na kilomita 42.195, da rabi, da na kilomita 10, da ɗan gajere na iyali. Ina cikin shiri diddigen hagu ya kama. Wanda ya taɓa yin ciwon ya san shi: ka sauko daga gado za ka yi alwalar asuba, takun farko sai ka dafa bango. Kana ɗan zagaya ɗaki ya lafa, ka zauna a wurin aiki na awa biyu, ka miƙe ya dawo sabo. Likita ya ce jijiyar da ta taso daga diddige ta shimfiɗu har gindin yatsu ce ta gaji, in ɗaga wa ƙasa mai tauri ƙafa na wani lokaci, amma kada in zauna. Ya ce ruwa da keke.

Abin da ya kai ni nadin ke nan. Ban je don madubai da jerin ƙarafa ba, a kan wurin ninkaya na sa hannu, kuma da bakina na faɗa wa yaron da ya cika mini takarda.

Ku haɗa da yanayin garin nan. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba hukuma da kanta take hana a sa ma'aikata aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. Mu a Jidda ma rana ba ita ce babbar matsalar ba, laimar teku ce. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe, a nan kuwa ko da asuba riga takan manne maka, gumin yana zuba ta gwiwar hannu, zuciya tana bugawa kamar kana hawan tudu alhali a shimfiɗe kake tafiya. Mai shekara ashirin da biyar zai iya cije wa wannan. Mu dole mu nemi inuwa na rabin shekara, ko da ƙafa lafiya lau.

Abin da ban zata ba shi ne Kyaftin, wato mai horarwar da ke kula da ruwan. Dogon saurayi ne baƙi, ina ta fama da shi da Larabci a rana ta farko, sai ya ji na amsa waya da Hausa. Ina ajiyewa ya ce, "Kawu, ashe na gida ne. Sannu da zuwa." Ɗan Mai Wurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda jikokin mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, mai nauyi, ga Larabcin Sudan yana leƙowa ta ciki. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya fito da shi.

Ya tambaye ni inda ke ciwo, ya sa na cire silifas, ya danna gefen diddigen ta ciki da babban yatsansa har sai da na ja ƙafa. Ya ce, "Kawu, iyo ba zai ba ka abin da kake nema ba. Kai mai gudu ne, gudu za ka yi, amma a cikin ruwa." Ya ɗauko wata ɗamara ta soso mai shuɗi ya ɗaura mini a ƙugu, ya kai ni ɓangaren mai zurfi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Jiki a tsaye, ɗan karkatawa gaba kaɗan, gwiwa tana tasowa, ƙafa tana tura ruwa baya, hannu a dunƙule yana kai da kawowa yadda yake yi a kan titi. Da zarar na buɗe tafin hannu na fara jan ruwa sai ya buga bakin kwamin da sandarsa ya ce, "Dunƙule, Kawu, wannan ha'inci ne." Minti ɗaya da ƙarfi, minti ɗaya a hankali, a yi ta maimaitawa. Kafin a je rabin awa numfashina ya kai inda yake kaiwa a ƙarshen kilomita goma, diddige kuwa ko ƙyas.

Shi ne ya fahimtar da ni dalilin da agogona yake nuna bugun zuciya ƙasa da yadda nake ji a jikina: a cikin ruwa zuciya takan rage kamar bugu goma a minti idan aka gwada da irin wannan wahalar a tudu, don matsin ruwan yana taimaka wa jini komowa ƙirji. Ya kuma ce in daina ɗaukar lissafin nan na cire shekarunka daga 220 tamkar hukunci, ƙiyasi ne kawai, mutum biyu masu shekaru ɗaya sukan bambanta sosai. Bayan ruwa sai ya kai ni bakin matakala, ya naɗe tawul ya sa a ƙarƙashin yatsuna, in ɗaga diddige a hankali, in tsaya, in sauke a hankali, daga baya ya ƙara mini jaka mai nauyi a baya. Da na yi ƙorafin cewa ni ba ɗaga ƙarfe na zo yi ba, ya ce tun daga shekara talatin tsoka take fara zaizayewa a hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako da take nema daga babba, ta ce a haɗa da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yawancinmu masu gudu rabin farko kawai muke riƙewa. Wallahi a wannan lokacin babu wanda ban yi wa tallan nadin nan ba. Har surukina na ja ya biya.

Sai wata Asabar na zo da jakata na tarar da ƙofar ruwa a kulle, an manna farar takarda da salatif: an rufe don gyara. Babu ranar buɗewa, babu sa hannu. Wannan fa wuri ne da ba ya kwana biyu bai turo mini saƙon talla a waya ba, ragi na Ranar Ƙasa, ragi na kawo aboki, ragi na garin furotin. Amma rufe abin da na biya dominsa bai kai a turo layi ɗaya ba. Yaron da ke kan tebur ya ce mako guda ne in sha Allah. Ban ɗaga masa murya ba, don ba shi ya rufe ba, kuma ba na son a bar jaki ana dukan taiki. Mako ya wuce, aka ce famfon tace ruwa ne ake jira. Wani makon aka ce tayil ne. Aka shiga wata na biyu takardar nan tana nan, gefenta har ya naɗe saboda laima.

Na nemi manaja. Buƙatata ba ta da yawa: a dakatar mini da ishtirakin har ranar da za a buɗe, kwanakina su tsaya. Ya karɓe ni da fara'a, "Tafaddal ya Hajj," har da shayi. Sannan ya juyo mini da fuskar kwamfuta ya nuna wani layi a cikin yarjejeniya da ke cewa wurin ninkaya ƙarin hidima ne, nadi yana da ikon rufe shi don gyara ba tare da diyya ba. Dakatarwa kuma, in ji shi, kwanakin da tsarina ya ba ni na riga na ci su lokacin da na je gida Kano. Na ce masa waccan tafiyata ce, wannan rufewarku ce, yaya za a haɗa su a kwando ɗaya? Ya ce tsarin ba ya karɓa. Ya ba ni izinin shiga wani reshensu a can ɗaya ƙarshen gari, wanda kafin ka ratsa cunkoson titin Madina ka je ka dawo lokacin aiki ya yi. Na gwada, na tarar ruwan can bai wuce ƙirji ba daga farko har ƙarshe. Ba a gudun ruwa a inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ga mai ciwon diddige ma komawa gidan jiya ne. Na yi masa wannan bayanin, ya dube ni ya ce, "Ai ruwa ruwa ne."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yau. Mutumin da ke shugabantar wurin motsa jiki bai ga bambanci tsakanin kwamin da yara ke wasa da wanda mai jinya ke horo a ciki ba, kuma bai ga dalilin da zai tambaya ba, alhali ga ma'aikacinsa da ya sani a ƙasan bene.

Daga nan ne duk abin da nake kawar wa kai ya dawo mini. Kekunan da aka ce in koma kansu, rabi sirdinsu ba ya tsayawa inda ka ɗaure shi, kana cikin tuƙi ya zame ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe fiye da kima, abin da ke jawo wa mai shekaru wani sabon ciwon. Na faɗa, aka rubuta a littafi, shi ke nan. Kiɗa kuwa a ɗakin keken sai ka fita da kunne yana ƙara. Da azumi suka mayar da buɗewa zuwa bayan la'asar da bayan tarawihi, wanda ba laifi ba ne, kowa haka yake yi, amma bayan tarawihi cika take yi har sai ka yi layi a kan keke ɗaya mai lafiya. Duk wannan da na haƙura da shi lokacin da ruwa ke nan. Da babu ruwan sai na ga ashe abin da ya rage bai fi na kowane ƙaramin nadi na unguwa ba, mai rabin kuɗin.

Kyaftin ya yi iya ƙoƙarinsa. Aka mayar da shi ɗakin ƙarafa yana tattara faifan nauyi, amma duk da haka yakan zo ya tsaya kusa da kekena ya gyara mini tsayin sirdi, ya ce ƙafa ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa, ya rubuta mini jadawalin mako a bayan rasit. Shi ya ba ni shawarar in sauya rajista daga rabin zango zuwa kilomita 10, ya ce, "Kawu, keke zai riƙe maka zuciya, amma ƙafarka ba ta samu abin da za ta ɗauki ashirin da ɗaya da shi ba. Riyad tana nan baɗi." Na ji zafin maganar, na kuma bi ta. Na yi goman, na gama ba tare da ɗingishi ba, kuma ladan wannan nasa ne. Bayan na dawo na tambaye shi aka ce ya bar aiki. Da babu ruwa sun rage masa awoyi har abin ya kasa riƙe shi, ga iyali a Sudan suna jiran abin da zai aika.

Yanzu an buɗe wurin, tayil sabo, fitilu sababbi. Sai dai ɓangaren mai zurfi an ba wa masu koyar da yara iyo haya daga la'asar zuwa isha'i, da safe kuma ba a buɗewa sai takwas, lokacin da duk mai aiki ya riga ya fita. Ɗamarun soson nan na tambaya, sabon mai gadin ruwan bai ma san da su ba.

Ga 'yan uwana masu niyyar shiga saboda ciwo irin nawa: ku je da kanku a daidai lokacin da za ku riƙa zuwa, ku ga ko ɓangaren mai zurfi a buɗe yake, ku sa a rubuta muku a takarda abin da zai faru da kwanakinku idan an rufe, kuma ku fara da wata uku, kada ragin shekara ya ja ku. Surukina da na jawo har yanzu kunyarsa nake ji. Ni dai na tattara rasit da hoton takardar da suka manna da saƙonnin da muka yi da manaja, na kira 1900 na shigar da ƙorafi a ma'aikatar kasuwanci. Ba kuɗi na nema ba, kwanakin da ƙofar ta yi a kulle nake so a mayar mini, ni da duk wanda ya biya a lokacin.